Koren Ƙarfen da Malam Ya Tono a Gona

Matamaye, daren Juma'a

Yau ma barci ya ƙi zuwa, amma ba don kuka ba.

Da safe ina ninke rigunan marigayi maigidana, sai ga ɗan koren ƙarfen nan a aljihu, wanda ya tono a gonarmu ta hanyar Yauri, zobe ne mai ɗan harshe a tsakiya. Kullum cewa yake kayan mutanen da ne, ni da yara muna yi masa dariya, muna cewa maɓallin jakar makaranta ne, irin ta ƴan lakwal.

Na kai wa Baba Ilu baduku a kasuwa. Ya tofa masa yawu, ya murza, ya zura igiyar fata ya ja, harshen ya kama caraf.

"Ƴata, wannan na majayi ne, abin da ke riƙe sirdi a jikin doki. Dubi sawun guduma. Ko kakana bai tarar da maƙerinsa ba."

Na ce, "Baba, sake faɗa." Ya sake. Na yi ta dariya a tsakiyar kasuwa, hawaye na zuba.

Malam, ashe kai ke da gaskiya. Gobe zan tara yaran in faɗa musu da bakina.