Fuskar Salwa a Tsohuwar Kwamfuta

Nima, Accra

Zuwa ga 'yata Salwa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Osman. Ya sanyin Jamus? Ya jaririya?

Kada ki yi fushi da rashin ɗaga kiranki. Kin san bugun ƙarafa a Old Fadama ya cinye min kunnuwa, a leɓɓanki nake karanta maganarki, allon waya kuwa ya yi wa idona ƙanƙanta. To, kwamfutar da kika bar min ta ƙi buɗe manhajar kiran, wai Windows ɗinta ya tsufa.

Na hau trotro, motar haya, na kai wa Mubashir mai gyara ita a Kokomlemle. Da hannu ya yi min bayani: masu ita sun daina kula da irinta, sabon Windows ba ya shiga sai da dabara, amma zai cusa mata. Na ce ashe ni da ita jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Gidan nan cike yake da mutane, amma kowa ya gaji da yi min ihu. Daga masallaci sai ɗaki. Wallahi ina kewarki.

Mahaifinki,
Alu

Nima, Accra

Salwa 'yar albarka,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaron ya yi iya yinsa. Sabon ya shiga, kira ma ya shigo, kin gani da idonki ranar Juma'a. Sai dai kaya ya fi ƙarfin tsohuwar kwamfutar. Hoton tsalle yake yi: bakinki ya buɗe, sai in gan shi a rufe, na tsakiya ya ɓace. Kin daɗe kina magana, kina ɗago min jaririyar, amma ko kalma ɗaya ban samu ba. Ki rubuto min abin da kika ce.

Daga ƙarshe na'urar ta sandare, fuskarki a kai, kina tsakiyar dariya. Mubashir ya zo ya ce sai an kashe an kunna, kuma ba ya da tabbacin za ta sake tashi. Na ce ya bari tukuna.

Tana kan tabarma tun ranar, a jone da wuta. A gabanta nake shan kokona da safe, in ba ki labarin unguwa. Idan kin kira kin ji shiru, lafiyata ƙalau, ban dai iya kashe ki ba ne.

Ki sa wa jikata albarka a madadina.

Mahaifinki mai ƙaunarki,
Alu