Ba Wanda Ya Yi Mini Zancen Goyo

Zuwa ga Mai girma Babban Likita, shugaban asibitin kuɗi da ke Yamai inda aka yi mini aikin rage nono.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Sunana Falmata, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Gure. Ban kama sunanka ko na asibitinka ba, don ba tozarci ya kawo ni ba. Waya na buga har na gaji, shi ya sa na rubuto a fili, ko Allah zai sa wani ya kai maka.

Bari in fara ba ka haƙƙinka: hannunka yana da kyau. Tun ina budurwa nake ɗauke da ƙirjin da ya fi ƙarfina. Igiyar rigar nono ta yi mini rami a kafaɗu, baya kullum ciwo, da bazara kuwa ƙasan nonon ya saɓule ya yi ta ruwa, in cusa tsumma in tafi aji. In na yi sujada numfashi ke gagara ta. Mata suna ce mini baiwa ce, in gode wa Allah. Na gode masa, amma su ba su taɓa kwana da wannan baiwar ba. Ranar da na farka bayan aiki na ja numfashi har cikin ciki, wallahi kuka na yi, na sa maka albarka.

To, ga kukana.

Na ɗaya, shirin da aka yi mini. Ka ce sai na yaye ƴata Amsatu, nono ya ƙafe, sannan a taɓa ni. Na yaye ta, aka kai ta Kelle wurin kakarta, uwar mijina, kamar yadda muke yi don yaro ya manta nono. Duk gwajin da kuka nema na yi. Ranar sallama wata ma'aikaciyarka ta jero mini sharuɗɗa da Faransanci: ban da ɗaukar kaya mai nauyi, ban da ɗaga hannu sama, ban da kwanciya rub da ciki, ban da iyo. Iyo, Likita! A Gure! Na yi dariya har ɗinki ya ja ni. Amma ba wanda ya ce uffan a kan goyo. Za ka ce ai an hana ni ɗaukar kaya. Mu a nan ba ma kiran ɗa kaya, tulu da buhun hatsi su ne kaya, kuma ko kallonsu ban yi ba. Ka tambayi duk macen da ke share tsakar asibitinka inda ake ɗaure goyo. Zane a saman ƙirji, majanyi a ƙasansa, daidai layin da ka ɗinke.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Da na dawo gida, ciwo ya bushe a ido, aka kawo mini Amsatu. Tana ganina ta rugo, ta zagaya bayana, ta kama zanena tana ɗaga ƙafa. Wace uwa ce za ta tsaya shawara? Na durƙusa ta haye, na ɗaure ta tamau, na yi ta zagaya tsakar gida ina mata waƙa. Kafin la'asar na ji rigata ta jiƙe. Ɗinkin gefen hagu ne ya buɗe. Majo, babban ma'aikacin jinya na nan garinmu, shi yake wanke mini yana canja bandeji, Allah ya saka masa. Amma ya ce ba zai sa allura a aikin da bai san yadda aka yi cikinsa ba, kuma ba ku haɗo ni da bayanin aikin ba. Ciwon ya rufe, ya sake buɗewa, haka muke ta yi tun bayan ƙaramar salla, ga shi har an fara yankan hatsi.

Na uku, sakatariyarka. Amsarta ɗaya ce kullum: in zo Yamai a duba ni. Tana faɗa kamar mai aike na bayan gida. Ka taɓa hawa kar, babbar motar fasinja, daga Damagaram zuwa Yamai? Ni sai na fara kai kaina Damagaram tukuna, sannan in wuni ina jijjiga a kujera da ƙirji a buɗe. Majo ya ce hanyar kaɗai ta isa ta ƙarasa yaga ni.

Likita, ba zafin ciwon ne ya fi ci mini rai ba. An mayar da Amsatu Kelle, don ba ta san a bari ba, da ta gan ni sai hawa, mijina kuma fataucin dabbobi yake, ba ya zama. Ina kewar yarinyar nan. Ina kewar ɗumin cikinta a bayana, da yawun barcinta a wuyana, har da jan kitson da take mini. Da can ban goya ta yadda nake so ba: nauyi gaba, nauyi baya, sai in sauke ta in miƙa wa maƙwabta. Rabin abin da ya kai ni wurinka ke nan, in samu bayan da zan goya ƴata a kai.

Ranar kasuwar da ta wuce na je Kelle. Ta yi tsawo, tana guje-guje da yaran gidan, kakarta take kira Inna. Ta daɗe tana leƙe na daga bayan rumbu kafin ta gane ni. Da ta gane, ta taho a hankali, ta zagaya bayana, ta miƙo hannu. Ni kuma na kauce. Ba ta yi kuka ba, ta juya ta koma wurin kakarta.

Roƙona ba shi da yawa. Ka aiko wa majo bayanin aikin da ka yi, ka kira shi da bakinka ku yi magana, ko a rufe ciwon nan a nan ko a Damagaram. Ka kuma sa mace mai jin Hausa da Barbarci ta riƙa zama da matan ƙauye kafin aiki, ta yi musu zancen goyo, da daka, da jan guga, ta faɗa musu wata nawa za su haƙura. Ka hanzarta, don Allah. Yarinyar ta kusa wuce goyo, in ta wuce kuma shi ke nan.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya raya maka zuri'a, kada ya nuna wa uwar ƴaƴanka ranar da ɗanta zai miƙo hannu ta kauce.

Wassalam.

Falmata, uwar Amsatu,
Gure.