Inda Allura Take Maƙalewa

Alhamis da dare, Camberwell, Ingila

Yau ma Baba bai yi magana ba a asibiti. Likita ya ce shanyewar jikin ta taɓa harshensa.

Da muka dawo gida ni da Umma na sa tsohon faifan garmahonsa, wanda a cikinsa wani ɗan wasan Ingila ya fito a sarkin Rum. Akwai inda allura take maƙalewa. Kullum Baba ne yake ɗage ta, ya ƙarasa jawabin sarkin da bakinsa, hannu a ƙirji, muna dariya.

Yau ta maƙale, kalma ɗaya tana ta maimaituwa. Ban yi kuka ba.

Umma ta leƙo ta ce, "Binta, ki ƙarasa masa mana, ko ki kashe."

Sai na kashe. Ban san ƙarshen ba, don kullum fuskar Baba nake kallo.