Bargon da Ka Aiko wa Inna

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya tsare ka a kan titi, ya sa albarka a guminka. Mu nan sai godiya. Ruwa ya janye, ana ta kwashe laka daga layuka, makarantar da nake koyarwa ma an ce za a buɗe da zarar azuzuwa sun bushe. Tarin da ya kama yara bayan ambaliya ya yi sauƙi. Gwiwoyin Inna suna nan yadda ka san su, ranar da suka ga dama ta yi sallah a tsaye, ranar da ba su ga dama ba sai a zaune.

Za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna, tunda waya tana nan. Da gangan na yi. Idan na kira ka, kafin in kai ƙarshen magana za ka katse ni ka ce ban gane ba, ko ka ce an kira ka aiki. Takarda ba a katse ta. Kuma ba zan ɓoye maka ba, raina a ɓace yake, irin ɓacin da rabona da shi tun rasuwar Baba. Saboda haka ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe.

Zan fara da godiya, don ba ni da halin take alheri. Kayan agajin da kai da ƙungiyarku ta direbobi kuka haɗa sun iso, barguna da tabarmi da bokitai da gidan sauro, kuma sun yi amfani. Na san ba daga sama kuka tsinto su ba, barcinku kuka rage kuka ƙara awannin tuƙi. Ranar da aka raba, Inna har da zama a ƙofar gida, duk wanda ya wuce da bargo a kafaɗa sai ta gaya masa da hannun ɗanta a ciki. Ni ma na ji daɗi, har na ce ashe yaron nan da na goya ya zama mutum.

Ana cikin haka sai ga Baffa ya zo da yamma, ya zauna a bakin tabarma yana ta murza hula, ya kasa kallon kowa. Da ƙyar ya faɗa mana cewa ka kira shi, ka ce ka amince a sayar da gidan Baba, ka kuma ce ya miƙa takardun ga mutumin nan da kuka damƙa wa rabon kayan agaji. Ya ce ka gaya masa gidan ya lalace, darajarsa tana faɗuwa kullum, gara a rabu da shi tun ana samun mai saye. Auta, wane gida? Gidan da nake shiga kowace safiya in gaishe da Inna, ko wani ne daban da ke cikin wayarka? Ka manta alkawarin da muka yi mu uku a gaban Baffa, cewa muddin Inna tana numfashi ba mai taɓa ko ƙusa a gidan nan? Don kai ne namiji kuma kasonka ya fi namu, shi ne za ka yanke magana daga wata ƙasa, ba ka tambaye ni ba, ba ka tambayi ɗaya yayar taka, Yaya Ƙarama, ba, balle mai gidan da ke ciki.

Bari in ba ka labarin mutumin naka, wanda matan unguwa suka raɗa wa suna Mai Barguna. Na san abin da za ka ce, ɗan unguwa ne, tare kuka yi ƙwallo. Gaskiya ne a nan aka haife shi, amma rabonsa da kwana a unguwar nan tun kafin ka tafi, kuma sana'arsa yanzu dillancin gidaje, abin da ban sani ba ko ya gaya muku. Na bi shi da ido ranar rabo. A ƙasan unguwa, inda ruwa ya kai har tagogi mutane suka rasa komai, ko fitowa daga mota bai yi ba, ta taga yake miƙa kaya, wai kada laka ta ɓata masa takalmi. Amma da ya hawo tudu, wajenmu da ruwa bai yi ɓarna ba, sai ladabi ya sauko masa. Kowane gida sai ya ɗauki bargo da hannunsa ya ce shi zai kai wa tsohuwa har ɗaki. A gidanmu ya shiga falo, ya leƙa ɗakinka, ya zaga bayan gida, yana ƙwanƙwasa bango da makullin mota, yana ɗaga kai yana duba rufi. Inna tana ta sa masa albarka, ta ɗauka tausayi ne. Ni kuwa tun a lokacin na ce a raina, mai rabon bargo me ya haɗa shi da auna faɗin tsakar gida da ƙafa?

Baffa ya nuna min hoton da mutumin ya tura maka, wanda ka turo masa a matsayin hujja. Na kalla, na rasa dariya zan yi ko kuka. Bango ne a rushe, bulo a warwatse, ga ruwa kwance a gefe. Auta, ka sake buɗe hoton nan ka dube shi da kyau. Bangon tsohon ɗakin ajiya ne na bayan gida, wanda kai da kanka ka rushe da babur ɗin Kawu lokacin da kake satar koyon tuƙi. Ni na wanke maka ciwon gwiwa, ni na tsaya tsakaninka da bulalar Baba. Tun ranar ba a sake gina shi ba, a kan bulon nan Inna take shanya wanki. Ruwan da ka gani kuwa na wanke-wanke ne. Wato har ka yi nisan da za a ɗauki ɓarnar hannunka a sayar maka da ita da sunan ambaliya, ka karɓa. Wannan ya fi komai ƙona min rai.

Sai kuma bidiyon Inna tana kuka, wanda na ji har a taron ƙungiyarku aka nuna. Ya ce muku kukan gidanta take yi. Allah ya isa tsakaninmu da shi. Ranar ce aka gano gawar tsohon telan nan na ƙasan layi, wanda ya ɗinka maka kayan makaranta, aminin Baba. Matarsa tana zaune kusa da Inna, ya karkata waya ya yanke ta daga hoton. Hawayen uwarmu na mutuwar maƙwabci ya ɗauka ya yi talla da su, kai kuma ka kalla hankalinka ya tashi, amma bai kai ka ga kiran yayarka ka tambayi abin da ya faru ba.

Baffa ya ce ka kuma karanta a waya cewa tun bayan ambaliya gidaje sun faɗi warwas a garinmu. Ban ce ƙarya suka rubuta ba. A ƙasan unguwa ko kyauta ka ba mutum ɗaki yanzu sai ya yi shawara. Amma wanda ya rubuta bai san garin nan yana da tudu da kwari ba, ya haɗa mu duka ya yi mana kuɗin goro. Ruwan da ya kori mutane daga ƙasa, ina kake tsammani ya kora su? Nan sama suka yo. Ba ranar da za ta wuce ba a yi sallama a ƙofar Inna ana tambayar ko akwai ɗakin haya ba. Mai askin bakin layi ya raba shagonsa biyu ya ba da rabi. Hajiyar da ke da gidan haya kusa da famfo ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ana rububin ɗaki irin na bana ba. Maginin da ya yi mana rufi ya zo ya zaga gidan da kansa, ya ce ko tsaga babu, danshi ne kawai a gindin katangar waje, rana za ta gyara. Waɗannan duk lambarsu tana wayarka ko tana wayata. Ba ɗayansu da zai ci riba ko ya yi asara idan an sayar, shi ya sa maganarsu take da nauyi. Kai kuwa duk garin nan ka rasa wanda za ka tambaya darajar gida sai mai son sayensa. Ko sau ɗaya ba ka ce a ranka ba, mutumin da ya rantse gida zai faɗi, me ya sa yake rawar jiki ya mallake shi?

Na san ba mugunta ce ta sa ka ba, tsoro ne, kuma wannan ne kaɗai ya sa ban faɗi abin da ya fi haka ba. An ce ya yi maka alkawarin zai sama wa Inna wuri a sababbin benayen nan, a hawa na sama, inda ruwa ba zai taɓa kai ta ba. Ka ji na ce maka sallah ma wata rana a zaune take yi. Wa zai riƙa ɗaukar ta yana hawa da ita, kai daga can? Kuma ka san inda aka gina benayen? A kan rafin nan da kuke kamun kifi kuna yara, wanda aka cike da shara da ƙasa. A ambaliyar nan a kwale-kwale aka kwaso mutanen ciki, har yanzu hanyar wurin ba ta biyuwa da ƙafa. Ka ɗauke ta daga tudun da Baba ya zaɓa da idonsa, ka kai ta tsakiyar rafi ka rataye, ka kira wannan ceto.

Akwai kuma abin da na tabbata bai gaya maka ba. Gidan cike yake da mutane. Tun ranar da ruwa ya shigo unguwa Inna ta buɗe ƙofa. Matar marigayi tela tana ɗakinta, tare suke kwana. Ɗakinka akwai mai gyaran keke da matarsa, wadda ta haihu a ciki makon da ya wuce, a kan gadonka. Falo kuwa mata da yara ne, sai ka ɗaga ƙafa kafin ka wuce. Dukkansu da bargunan da kuka aiko suke rufa, da safe in an shanya su a igiya sunan ƙungiyarku kake gani jere. Sharaɗin mai sayen naka shi ne a ba shi gida babu kowa a ciki. Ka ga ke nan da hannu ɗaya ka rufa musu bargo, da ɗayan kana shirin yaye musu rufin. Idan abin da kuke kira agaji ke nan, da kun bar mu da sanyinmu.

Mun so mu ɓoye wa Inna, amma ta ji komai daga bakin ƙofa lokacin da Baffa yake magana. Na ɗauka za ta yi faɗa. Wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta koma ɗakinta. Washegari na zo gaishe ta na tarar ta shimfiɗa bargon da aka ba ta, wanda take ta nuna wa mutane, ta zuba kayan sawarta a ciki da carbinta da hoton Baba, ta ƙulle, ta ajiye a bayan ƙofa. Na tambaye ta mene ne haka. Ta ce tunda mai gida ya yi magana, ba ta so ranar ta zo a same ta ba ta shirya ba, a yi ta jiran tsohuwa. Na ce mata ita ce mai gida. Ta ce a'a, ita dai an bar ta ta zauna ne. Auta, matar da ta ɗauko yashin ginin nan a kanta tana da cikinka, yau ita ke cewa an bar ta ta zauna. Na yi na yi ta kwance ƙullin ta ƙi, da tsohon zane take rufa.

Baffa bai miƙa takardun ba tukuna, na roƙe shi ya dakata, amma ka san shi da nauyin baki, kuma mutumin kullum motarsa tana ƙofarsa. Ga abin da nake so. Ka kira Baffa ka janye maganarka da bakinka, yadda ka yi ta da bakinka. Idan ba ka yarda da ni ba, kira magini, kira mai aski, kira duk wanda ka ga dama a layinmu, ka ce su zaga da kai gidan ta waya ɗaki-ɗaki. Ka kuma gaya wa 'yan ƙungiyarku kada su fasa taimako, don har yanzu akwai masu kwana a makaranta, amma su bi ta hannun ma'aikaciyar asibitin unguwa da matan da ke dafa wa mutane abinci, waɗanda suka san wanda ya rasa katifa da wanda ya rasa miji. Bayan haka ka kira Inna. Ni ba sai ka kira ni ba, ban huce ba.

Ka gaishe min da matarka da kyau, na san ba da shawararta ka yi wannan ba. Ka shafa min kan takwarar Inna da mai sunan Baba. Yaya Ƙarama tana gaishe su, kai kuwa ta ce in bar wurinka babu komai. Kawu da Gwaggo da maigidana duk suna gaisuwa.

Kafin in rufe na je na gaya wa Inna ina rubuta maka takarda, ko tana da saƙo. Ta daɗe tana kallon ƙullin nan na bayan ƙofa. Sannan ta ce in gaya maka ba ta riƙe ka da komai ba, kuma ta ji an ce sanyi ya fara a wurinku, in tambaye ka ko ka rage wa kanka bargo ɗaya.

Na isar da saƙo. Ƙullin yana nan inda ta ajiye shi, kuma ba hannuna ne zai kwance shi ba.

Wassalam,
Yayarka da ta goya ka.