Ruwan Ƙirjin Kakana Ba na Binnewa Ba Ne

Zuwa ga Babban Likita na asibitin da ya fara duba kakana, Malam Ilu.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da mu? Sunana Sabi'u, daga Matameye. An san ni da tsokana, amma yau da gaske nake.

Na farko: tun bara numfashi ke yi wa tsohon nan wuya, ko sallah sai a zaune. Kun zuƙe masa ruwa a gefen huhu, kun sa shi maganin tarin fuka, ruwan ya yi ta dawowa. Duk zuƙa sai ya ce a ba shi abinsa, don ba ya barin ko farcensa a hannun mutane, kada a yi masa asiri. Ma'aikatanku su miƙo kwalba, mu binne a bayan rumbu. Ranka ya daɗe, ba wanda ya taɓa ce mana cutar tana cikin ruwan.

Na biyu: sai a Damagaram wata likita ta zaunar da mu. Ta ce akwai ciwon daji da wata ƙwayar cuta ke tayarwa a jikin tsofaffi, ba ya yin kumburin da hannu zai taɓa, a ruwan kawai ake ganinsa, sai an kai Yamai an auna. Malam ya kafe, ba za a kai ruwansa ko'ina ba. Na ce masa wa zai ɓata laya a kan mai buta ɗaya, kuma in ya ƙi har ciwon ya tafi da shi, ni zan gaji kakata Hajiya, dama matata ce. Ya zage ni tas, ya ce a kai, don kada in ji daɗi. Aka samu ciwon, aka fara magani, numfashi ya soma sauƙi.

Roƙona: duk tsohon da ruwa ya ƙi barin ƙirjinsa, ku aika da ruwan a auna. In ya ƙi, kada ku miƙa masa kwalba ku yi shiru. Ku yi masa bayani da Hausa, ko ku kira jikansa, mu muka san bakinsu.

Allah ya ƙara muku basira, ya sa albarka a hannunku. Jiya Malam ya yi la'asar a tsaye, raka'a huɗu cur.

Wassalam.

Sabi'u, jikan Malam Ilu