Allon Waƙa na Baba

Lahadi, 18 Nuwamba 2007
Allon da Baba ya haɗa wa cocinmu, mai nuna lambar waƙa, ya mutu ana tsakar sujada. Ni ke latsa shi tun rasuwarsa. Kowa ya waiwayo ya dube ni. Na ji kamar in shige ƙarƙashin benci.

Litinin, 19 Nuwamba
Na buɗe bayansa. Ayisi goma sha huɗu, 'yan na'urorin lantarkin da ke sarrafa allon, baƙaƙe kamar kyankyasai, kowace da 'yar takardar da Baba ya manna ya rubuta aikinta. Biyu sun ƙone. Masu gyaran rediyo na kasuwa sun ce an daina kawo irinsu.

Asabar, 24 Nuwamba
Yaya Mika, ɗan wan Baba, ya zo hutu daga Kaduna da wata ayisi guda ɗaya. Wai da kwamfuta ake koya mata aiki, ita kaɗai ta isa. Amma sai an cire na Baba duka. "Hannah, kawo littafin zanen tsoho mu ga yadda ya haɗa wayoyin." Na ce ya ɓace.

Littafin yana cikin tukunyar dawa, inda na ɓoye shi.

Lahadi, 25 Nuwamba
Wata tara da rasuwar Baba. Ban rubuta komai ba sai wannan.

Lahadi, 2 Disamba
Fasto ya faɗi lambar waƙa da baki. Kaka Beatrice ba ta ji sosai, allon take dubawa kullum. Na ga tana ta juya shafi har aka kai baiti na uku, sai ta rufe littafin ta ɗora a cinya. Ita ce fa mai jan muryar mata. Da aka tashi ta riƙe min hannu. "'Yar soja, yaushe za a mayar min da kunnena?" Haka take kirana, don Baba ya yi soja. Dariya take yi. Ni na kasa.

Talata, 4 Disamba
Na kai littafin. Yaya Mika ya shinshina ya ce, "Ashe dawa ma na karatu." Bai ƙara ba, na gode masa.

Rubutun Baba ya gagare shi, ni na dinga karantawa yana bugawa. Da ya ɗauki ƙarfen narka dalma na ce ya bari. Ni na cire ayisin Baba, ɗaya-ɗaya. Ta bakwai ta karkace, daman ni na liƙa ta ina aji huɗu, Baba na riƙe da hannuna. Nan ne na fita bayan ɗaki na daɗe.

Allon ya zama fili. Abu ɗaya a tsakiya kamar maraya.

Lahadi, 9 Disamba
Ya yi aiki. 112. Kaka Beatrice ta ja waƙa har ta riga mai ganga. Mutane na ta cewa aikin Baba ya dawo. Ba nasa ba ne, amma wa zan gaya wa.

Alhamis, 13 Disamba
Yaya Mika ya koma. Ya ce ko rabin cikin ayisin ba a taɓa ba, za ta ɗauki ƙarin aiki. Na ce ina ruwana.

Kaka kan ɓace in an tsallake baiti. Lamba ɗaya kawai allon ke buƙata a gefe, mai nuna baiti, da maɓalli ɗaya. Na zana a bayan wannan kundin, sau uku, na biyu ya fi. Ba wai zan aika masa ba ne. Na dai tambayi Mama ko wa zai je Kaduna kafin Kirsimeti.