Baƙuwa a Gidan Inna

Tagzut, farkon kaka

Yaya Bassu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya ciwon bayan nan naka, yaya kuma aikin tumatir a ƙasar Sifen? Allah ya sa ana biyan wahala. Maigidana Idir da yara suna Meknas lafiya lau, na bar musu tukunya da dogon gargaɗi, sauran kuma sai Allah.

Na zo gida. Ka tuna Rkiya, shugabar ƙungiyar mata masaƙa, wadda ta taɓa bin ka da tsintsiya a kan ɓaure? Ita ta kira ni a waya ta ce, "Tuda, bar abin da kike yi ki taho, Inna Itto ta fara ɓata hanya tsakanin gida da wurin saƙa." Na ɗauka tsufa ne kawai.

Yaya, da na yi sallama Inna ta fito da fara'arta. Na sunkuya zan sumbaci kanta, sai ta ja baya, ta riƙe hannuna biyu ta ce, "Marhaban da baƙuwa! Daga ina?" Na yi dariya, na zaci tsokana ce. Ba tsokana ba ce. Ta kai ni ɗakin baƙi, ta shimfiɗa mini jar dardumar nan da ta hana mu takawa muna yara. Ta zuba mini ruwa a hannu da kanta, ta kawo burodi mai zafi da man zaitun da zuma, ta ɗaga buta sama tana tsiyaya shayi a kofunan nan masu bakin zinariya. Ina ci hawaye na zuba, ita kuma tana cewa, "Ci mana, hanya ce ta gajiyar da ke."

Na ce mata ni ce Tuda. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Allah sarki, sunanku ɗaya da 'yata. Tana birni. Siririya ce, ba ta kai ki jiki ba." Ka ji fa, har a wannan hali sai da ta taɓa ƙibata.

Ka yi mana addu'a. Babu abin da nake so a duniya yanzu irin ta kira ni da sunana tana sane da wadda take kira.

Ƙanwarka,
Tuda

Tagzut, bayan kasuwar Laraba

Yaya Bassu,

Ina gaishe ka da kyau, na ji daɗin muryarka a waya. Ka ce in yi haƙuri har a gama girbi. To, ina yi.

Kullum da safe nakan raka Inna wurin ƙungiya. Abin mamaki, da zarar ta zauna gaban masaƙa sai ta koma Innar da ka sani. Hannunta bai manta komai ba. Ita ke nuna wa matan yawan ɓawon rumman da za a zuba a rini, ita ke dafa wa masu ziyara shayi idan mota ta kawo su kallon saƙa. Ni ma cikin su take lissafa ni.

Akwai farin bargo na gashin tumaki a masaƙarta, ya daɗe da kammala, amma ta ƙi yanke shi daga masaƙar. Ta ce na Tuda ne, sai Tuda ta dawo. Matan suna bukatar masaƙar ƙwarai, amma ka san ba a yanke saƙar wata. Rkiya ta ce, "Ko shekara goma zai yi a nan, hannuna ba zai taɓa shi ba. Ita ta koya mini riƙe zare ina da majina a hanci." Suna ɗaukar mata ulu, suna raka ta gida bi da bi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ta hana ni aiki. In na ɗauki kofi zan wanke sai ta fizge ta ce, "Haba, baƙuwa da wanke-wanke? So kike a yi da ni a gari?" Na ce ai baƙunta kwana uku ce, kuma na wuce su tuni. Amma ita kowace safiya ranar farko ce a wurinta.

Jiya na yi dabara. Na zauna a masaƙar Hadda, maƙwabciyarmu, na shiga jan zare da ƙarfi da gangan, yadda nake yi ina yarinya. Ban ankara ba sai na ji duka a bayan hannu da ƙotar matajin saƙa. Inna ce. Ta ce, "Kai, wannan hannu! Saƙa kike ko ɗaurin akuya? Sak Tuda!" Yaya, ban taɓa jin daɗin duka irin wannan ba. Na juyo, a raina na ce yau kam ta gane ni. Sai ta dafe baki ta ce, "Wayyo, na daki baƙuwa. Ki yafe mini, 'yar mutane." Wannan neman gafarar ya fi dukan zafi. Na fita bayan ɗakin rini na yi kuka mai isata.

Ka kula da kanka, ka riƙa sa rigar sanyi.

Taka,
Tuda

Tagzut, ranar da ƙanƙara ta sauka a kan dutse

Yaya Bassu,

Sallama da gaisuwa, da fatan wasiƙar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya.

An yanke bargon. Inna ce da kanta ta ce a yanke. Da ta ji matan suna cewa daga Meknas nake, sai ta matso ta ce, "Ashe garinku ɗaya da 'yata? Sanyi ya shigo, kuma yarinyar nan ba ta jure sanyi. In na ba ki saƙo za ki kai?" Na ce zan kai.

Matan suka taru. Inna ta tsoma mataji a ruwa ta yayyafa wa zaren, kamar yadda ake jiƙa wa mai barin duniya leɓe, ta yi kalmar shahada, sannan ta sa wuƙa. Na ga an yi haka sau da yawa tun ina goye, amma ban taɓa jin sa a ƙirjina ba sai ranar. Inna ta naɗe shi ta ɗora mini a hannu ta ce, "Ki ce mata ba fushi nake ba. Na san aiki ne ya riƙe ta. In ta samu sarari ta leƙo."

Da shi nake rufa yanzu, a ɗakin baƙi. Ta manta ta ba ni shi, amma ba ta manta da tambaya ba. Duk safiya idan ta kawo shayi sai ta ce, "Kin ga Tuda kuwa a can?" Sai in ce na gan ta, lafiyarta ƙalau, ta ce a gaishe ki. Sai fuskarta ta washe ta ce, "Ai na sani, 'yar albarka ce." Na daina cewa ni ce. Duk ranar da na faɗa sai ta rikice ta ƙi cin abinci, wannan kuwa yana sa ta ci.

Na gaya wa Idir zan kai ƙarshen sanyi a nan. Kai kuma kada ka jira girbi. Har yanzu tana ambaton ka, tana cewa Bassu ya tafi kiwo bai dawo ba. Ban yi maka alkawarin za ta gane ka ba. Amma za ta tarbe ka tun daga ƙofa, ta zaunar da kai a kan jar dardumar, ta yanka maka kaza. Ka zo da yunwarka, Yaya, kuma in ta tambaye ka ko ka ga ɗanta a hanya, ka ce yana nan tafe.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka mai kewarka,
Tuda